Fatalwar da Ba Ta da Suna

Masu karatu, ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau ni kaina in na tuna sai in ji tafin hannuna ya jiƙe. Wanda bai san ni ba, ga ni a taƙaice: shekaruna ashirin da bakwai, ni ce ta tsakiya a gidanmu, sana'ata kuwa rubuta fassarar nan da kuke gani tana wucewa a ƙasan fim. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon sayar da tayoyi. Kwamfuta huɗu, fanka ɗaya mai kukan tsiya, sai Madam, shugabarmu, wadda in waƙafi ya zauna inda ba wurinsa ba sai ta hana kowa sakat har a tashi.

A ofishin nan na haɗu da Darakta wata takwas da suka wuce. Ya kawo wani gajeren fim a fassara masa, ya tsaya a kaina yana gardama a kan kalma ɗaya tal har la'asar ta yi. Washegari ya dawo da wata gardamar. Rana ta uku bai zo da gardama ba, lambar wayata ya nema. Tun daga ranar sunana ya ɓace a bakinsa, Tafinta kawai yake ce mini.

Ina son shi. Gara in faɗa tun yanzu, kada wata ta shigo wurin sharhi ta ce dama hanyar zillewa nake nema. Ina son yadda yake naɗe hannun rigarsa in zai yi bayani, da yadda yake sauraron Abba kamar labarin tsohon wurin aikinsa sabo ne, alhali sau shida ke nan yana jin sa. Amma in son da nake masa kofi ne, na mutanen gidanmu randa ce. Umma ta daina kiransa Darakta, “ɗana” take cewa. Goggo, ƙanwar Abba, wadda gidanta ke bayan namu amma rayuwarta ke cikin falonmu, ta riga ta zaɓi launin kayan da za ta sa ranar da manyansa za su zo wurin Abba, saura mako huɗu. Yaya kuwa, babban wanmu, Darakta ya ba shi fitowa ɗaya a sabon fim ɗinsa. Ɗan sanda ne da zai buɗe ƙofa ya ce, “Yallaɓai, ga gawar.” Daƙiƙa huɗu. Tun daga nan Yaya ya sayi baƙin tabarau, ko shago zai je sayen sabulu sai ya maƙala shi.

To, wannan sabon fim ɗin shi ne ya sauka a teburina. Ba zan faɗi sunansa ba tunda bai fito ba. Shekara uku Darakta ya yi yana fama da shi, kuma da kansa ya ce wa Madam ba wanda zai taɓa fassarar sai ni.

Labarin a takarda yana da daɗi. Wani jami'in bincike ne da aka kora daga aiki saboda taurin kai, mai doguwar kwat da hula, taba ba ta barin bakinsa. Aka tsinci gawar wata ma'aikaciyar jinya a ƙarƙashin gada, hukuma ta rufe maganar, sai fatalwar matar ta fara bin sa duk inda ya sa ƙafa. Na sa abin ji a kunne da zumuɗi, har da cewa a raina yau zan yi alfahari.

Minti goma da farawa na kira Madam na ce allon kwamfutata ya lalace. Ta zo ta dudduba, ta buɗe wani fim ɗin, ga shi tar. Ashe ba allo ba ne, fim ɗin ne haka. Duhu ne wanda ba ka gane fuskar mai magana, sai dai jan wutar taba tana yawo kamar ƙwaro. Ruwan sama kuwa tun fitowar farko bai tsagaita ba, kwat ɗin jarumin ta jiƙe sharkaf amma tabarsa ko sau ɗaya ba ta mutu ba. Ga shi da surutu. Ba da mutane yake surutun ba, da mu masu kallo yake yi. Za ka gan shi yana hawa bene, sai muryarsa ta ce, “Na hau benen.” Ya buɗe ƙofa, “Na buɗe ƙofar, zuciyata cike da duhu irin na wannan birni.” Ni kuma dole in zauna in fassara.

Aikinmu ba kallo ɗaya ba ne. Sai ka tsayar, ka mayar baya, ka auna tsawon kowace jimla. Sau tara na kalli fim ɗin nan cikin kwana goma sha ɗaya. Kullum da yamma saƙonsa ya shigo: “Tafinta, ya kika gani?” Ni kuma in rubuta: “Ina kan aiki, sai na gama tukuna.” Ya turo hoton zuciya. In kife wayar in dafe kai.

Ranar Asabar bayan azahar ya zo gidanmu da fim ɗin, wai iyalinsa na biyu su fara gani kafin duniya. Auta, ƙanwarmu, ta rataya barguna a tagogin falo. Umma ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai da babban baƙo, ta jera shayi da biskit. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai maɓallai a hannu, na yafa baƙin mayafi, na zaɓi kujerar da ke can kusurwa inda ba zai ga fuskata ba. Shi kuwa farar riga ya sa, an goge ta har tana ɗaukar ido, yana ta murza agogon hannunsa.

Ba a yi nisa ba Abba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

“Auta, ƙara hasken talabijin ɗin nan.”

“Abba, haka salon yake,” in ji Darakta cikin ladabi. “Duhun ma yana cikin labarin.”

“Au, to, to. Madalla.”

Fatalwar ta fito a minti na shida, gaba ɗayanta, fuska fara fat da hoda, gashi a barbaje, ta wage baki ta kurma ihu. Goggo ta yi salati ta zubar da rabin shayinta. Fitowa ta biyu ta riƙe hannun Umma. Ta biyar ta ce, “Ga ta nan kuma.” Ta goma kuwa Goggo tana duba wayarta. Abin da ya rage yana firgita ta shi ne ƙarar da aka sa, wata irin “dam!” mai fasa kunne, wadda ake bugawa ko kyanwa ce ta gifta, ko butar shayi ce ta tafasa.

Da aka zo inda fatalwar, wadda ɗazu ta ratsa bangon siminti kamar hayaƙi, ta tsaya tana ƙwanƙwasa gilashin mota don jarumin ya kulle ƙofa, dariya ta kufce wa Auta. Umma ta maka mata harara, ta mayar da ita tari. Na saci kallon Darakta. Ba allon yake kallo ba, fuskokinmu yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Fitowar Yaya sau uku aka mayar da ita baya.

Da aka gama, falo ya ɗauki tafi. Abba, wanda na tabbata ya yi gyangyaɗi na rabin awa, ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Umma ta ce ita dai ruwan saman nan ya burge ta. Goggo ta ce ta rantse ba ta taɓa ganin irinsa ba, wanda kuma gaskiya ne ta wata fuskar. Darakta ya yi godiya, sannan ya juyo kusurwata.

“Saura mutum ɗaya.”

“Bari in raka ka mota,” na ce.

A ƙofar gida akwai wata bishiya da yake ajiye motarsa a ƙarƙashinta. Ya jingina da ƙofar, ya harɗe hannu yana murmushi.

“Kwana goma sha ɗaya kina guje mini. Faɗi.”

“Wacce kake so, ta falo ko tawa?”

“Taki.”

Masu karatu, Allah ya gani na yi niyyar in tausasa. Amma abin da ya taru a cikina sau tara, da na buɗe baki sai ya zubo kamar an fasa tulu. Na faɗi duhun, na faɗi ruwan, na faɗi surutun jarumin. Na ce abin tsoro in aka nuna shi tun minti na shida, aka sake nunawa sau goma sha bakwai, ya zama maƙwabci. Na ce ƙara ba tsoro ba ce, ko ni na buga faranti a bayansa zai zabura. Na ce jami'in nasa bai binciko komai ba, awa ɗaya da rabi yana shan taba a ruwa, sai da fatalwar ta gaji ta rubuta masa sunan wanda ya kashe ta a jikin madubi.

“In dai ta iya rubutu, me ya hana ta rubutawa tun ranar farko kowa ya huta?”

Murmushin ya tafi, amma yana gyaɗa kai. Da na tsaya a nan, da wataƙila mun rabu lafiya. Ban tsaya ba.

“Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce matar. Ba ta da suna, Darakta. Na duba takardun duka, ‘gawar’ ake ce mata, ko ‘matar gada’. Ba ta da uwa, ba ta da ƙawa, ba wanda ya yi kukanta. Ba mu taɓa ganinta da rai ba ko na minti ɗaya. A fassarata kaf abin da na rubuta mata shi ne ‘tana ihu’, sau goma sha bakwai. Ka kashe ta ne kawai don wani namiji ya samu dalilin sa kwat yana tausayin kansa. Wanda ya rubuta wannan bai damu da ita ba, to ni mai kallo don me zan damu?”

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ba fushi ba ne. Kamar dai an zare masa wani abu daga ciki. Ya laluba aljihu ya ciro makulli, makullin ya faɗi ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka.

“Na gode,” ya ce. Ya shiga mota ya ja, ko waiwaye babu.

Ina juyowa na ga bargon tagar falo yana motsi. Goggo.

Ko takalmi ban gama cirewa ba aka rufe ni.

“Ke wace irin yarinya ce?” in ji Goggo, hannu a ƙugu. “Mutum ya kawo abin da ya yi shekara uku yana wahala a kai, ki tsaya a titi ki feɗe shi kamar akuya? Ke kika fi kowa ido?”

“Shi ya tambaye ni, Goggo.”

“In ya tambaye ki sai ki faɗa? Mu da muka ce ya yi kyau mahaukata ne?”

Yaya ya cire tabarau, abin da bai yi ba tun safe. “Kin san ya ce zai ba ni fitowa uku a na gaba? Kin san haka? Ke dai ba ki iya ganin ana ci gaba.”

Umma ba ta ɗaga murya ba, kuma nata ya fi ciwo. Tana tattara kofuna ta ce, “Shekara nawa ina addu'a Allah ya kawo miki mai hankali. Ya kawo, kin sa baki kin kore shi a kan wasan kwaikwayo. Namiji ba a yi masa haka, ko gaskiya ce sai an naɗe ta.”

Goggo ta ɗauko wayata daga kan kujera ta dangwara mini a hannu. “Rubuta. Ki ce, ranka ya daɗe, wasa nake yi, fim ya yi kyau ƙwarai, sharrin gajiya ne. Rubuta ina kallo.”

Na kalli wayar, na kalle su. Na ajiye ta a kan tebur.

“Ba zan rubuta ba. In na ce masa ya yi kyau, mako uku masu zuwa mutanen da ba su san shi ba za su biya kuɗinsu su shiga, su yi masa dariyar da Auta ta yi, kuma su ba za su mayar da ita tari ba. Sannan ya dawo gida ya kalle ni ya san na sani na yi shiru. Haka kuke so in fara zama da shi?”

Abba ne ya yi gyaran murya. Shi Mamana yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Mamana, tambaya ɗaya. Gaskiya kika faɗa masa don ya gyara, ko gwanintarki kika nuna masa?”

Na tashi na shige ɗakina, tambayar tana biye da ni.

Lahadi ta wuce, Litinin ta zo, babu saƙo. Ina ganinsa a kan layi, in rubuta “Salam” in goge. Umma ta koma yi mini magana ta bakin Auta: “Ce wa yayarki abinci na nan.” Yaya ya turo mini saƙo mai tsawon gaske a kan muhimmancin zumunci, daga ɗakinsa da ke jikin nawa. Tambayar Abba kuwa ta ƙi barina. Na gane rabi da rabi ne. Abin da na faɗa gaskiya ne, amma har da jin daɗin iya faɗarsa, kuma ban ba shi ko hanya ɗaya ta gyara ba.

Don haka ranar Litinin ɗin, da na gama aikin Madam, na sake buɗe fim ɗin. Wannan karon da biro da takarda. Minti kaza, a cire muryar jarumin, hoton ya isa. Minti kaza, a bar ƙarar takalmi kawai, a cire “dam”. Fitowar fatalwa goma sha bakwai a mayar da ita huɗu, ta farkon ma inuwa kawai a gani a gilashin taga. Na rubuta har da abin da ya yi kyau, don akwai: wata fitowa a ɗakin ajiye gawa da babu kiɗa ko kaɗan, wadda duk kallon da na yi sai tsigar jikina ta tashi. Shafi goma sha ɗaya. Sannan na tura masa saƙo:

“Na gama fassarar. Zan kawo gobe ƙarfe goma, da wasu takardu. Ban janye ko kalma ɗaya ba, amma na yi nadamar yadda na jero su kamar mai karanta tuhuma.”

Alamar ya karanta ta fito nan take. Sai bayan minti ashirin amsa ta zo: “To.”

Ɗakin da yake haɗa fim ba shi da taga. Allo biyu manya, kujera mai juyawa da ta yage a gefe, kofunan shayi guda biyar da ba a wanke ba. Farar rigar ranar Asabar ce a jikinsa, ta yamutse, gemunsa ya fito. Na miƙa masa takardun na zauna a kan wani akwatin kyamara. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Wani wurin ya yi tsaki, wani wurin ya ɗan yi dariya ta hanci. A shafi na tara ya tsaya. A nan na rubuta: “A ba ta suna. A ba ta gida. Mu gan ta da rai.”

“Tana da suna,” ya ce, bai ɗago ba. “Yayata ce.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

“Na gaya miki mu uku ne. Mu huɗu ne. Ita ce babba, ma'aikaciyar jinya ce. Ina shekara goma sha bakwai ta fita aiki ba ta dawo ba. Kwana biyu aka same ta a ƙarƙashin gada. Aka yi ta zirga-zirga wata biyu, aka ce ba shaida, aka rufe. Har yau ba mu san wanda ya yi ba. Shi ya sa na sa ta rubuta a madubi, Tafinta. Na san shirme ne. Ni dai ina so ko a fim ne wani ya faɗa mini.”

Na tuna kalmomina a gindin bishiya, “wanda ya rubuta wannan bai damu da ita ba”, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

“Darakta, ban sani ba. Wallahi da na sani…”

“Da kin sani da kin yi shiru, da kuma an cuce ni. Matso ki gani.”

Ya buɗe wani fayil. Hasken rana ne ya fara cika allon, har sai da na ƙifta ido. Wani ɗan madaidaicin kicin, jarumar nan da na saba gani da hoda ga ta mutum sosai, tana goge farar rigar aiki a kan tebur, tana rera waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Uwarta tana mita a kan ba ta karya ba, ita tana cewa ta makara. Uwar ta cusa mata burodi a jaka, ta ciro, uwar ta mayar. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Ki ajiye mini nawa, kada yaran nan su cinye.” Fitowa ta gaba uwar ce zaune ita kaɗai, ga kwano a rufe a gabanta, rana tana ja daga bango har ta sauka ƙasa. Ba kiɗa, ba ihu, ba ruwan sama. Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali sau biyu. Uwar ta ɗago, ba ta tashi ba.

Minti ashirin da biyu. Ban san ina kuka ba sai da na ji mayafina ya jiƙe. Kuma ban taɓa jin tsoron ƙwanƙwasa ƙofa irin na ranar ba.

“Wannan shi ne fim ɗinka,” na ce. “Me ya sa ka yanke?”

“Na kasa zama ina kallonsa kullum. Duk sanda na buɗe sai in fita waje. Sai na cire, na cike gurbin da hayaƙi da ihu. Su ba sa yi mini komai.”

“Mu ma ba sa yi mana komai. Ka mayar da shi.”

“Furodusa ya riga ya sa rana, saura mako uku.”

“Ya isa. Ka cire fatalwa goma sha uku, wuri ya samu. Fassarar kuma ni zan sake ta daga farko, Madam ta yi faɗanta ta gama.”

Ya girgiza kai. “Ba furodusa ba ne matsalar. Hajiyarmu ce. Ita ta ɗauka fim ɗin ’yan sanda nake yi. Shekara goma sha biyu ba a ambaci sunan yayata a gabanta ba, in aka kuskura sai ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Kicin ɗin nan nata ne, maganganun nan nata ne, kalma da kalma. In na mayar, na tone mata kabari a gaban duniya.”

“To ka nuna mata kafin duniya. In ta ce a'a, ka bar shi har abada, ni ma ba zan sake tayar da maganar ba. Amma ita ke da hakkin cewa a'a ɗin, ba kai ba.”

“Ba zan iya ba.”

“Za ka iya. In kana so in zauna a gefenka, zan zauna.”

Ya daɗe yana kallona da jajayen idanu. “Ke ba ki da sauƙi, kin sani?”

“Na sani. Kana da mako huɗu ka yi tunani kafin manyanka su zo.”

“Wannan na gama tunaninsa tun rana ta uku,” ya ce. “Ɗayan ne ki ba ni lokaci.”

Na ba shi. Na fito zuciyata wasai, har na tsaya a hanya na sayo wa Umma lemo don a shirya. Ina tafe ina tsara yadda zan gaya wa Abba cewa yanzu ina da amsar tambayarsa.

A ƙofar falonmu na ga takalmin da ban sani ba, baƙi, mai faɗi, irin na manyan mata, an ajiye shi a jere tsaf. Falon shiru, ko talabijin ba a kunna ba. Na yi sallama na shiga.

Wata dattijuwa ce zaune a kujerar Abba, doguwa, siririya, da farin mayafi, jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Ko ba a faɗa mini ba na gane goshin da idanun, irin na Darakta ne sak, mahaifiyarsa ce. Shayin da aka zuba mata ya huce ba ta taɓa ba. Umma tana gefe ta sunkuyar da kai. Goggo kuwa tana tsaye jikin bango, karo na farko a rayuwata da na gan ta ba ta san inda za ta sa hannunta ba.

“Ni fa haƙuri na je ba ta a madadinki,” in ji Goggo da ƙaramar murya. “Na ce yarinya ce, ta yi wa fim ɗin rashin kunya. Ta ce wane irin fim ne ma. Shi ne na ba ta labarin, ma'aikaciyar jinya, da gada, da… Ban ƙarasa ba ta ɗauki mayafi ta ce in kawo ta.”

Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa a hankali, tana kallona kamar mai karanta takarda.

“’Yata, an ce duk duniya ba wanda ya kalli abin nan kamar ke. An kuma ce ba kya ɓoye gaskiya ko wa zai ji haushi. Shi ya sa ban je wurinsa ba, na zo wurinki.” Ta gyara riƙon jakarta. “Yarinyar da ke cikin fim ɗin nan. Tawa ce?”

Umma ta ɗago ta kafe ni da ido, irin kallon da ke cewa ki rufa mana asiri. Goggo tana girgiza mini kai ta bayan Hajiya. Awa ɗaya da ta wuce na yi wa ɗanta alkawarin lokaci. Ƙarya ba zan yi mata ba, amsar kuma ba tawa ba ce.

“Hajiya, wannan tambayar mai amsa ta yana nan da ransa, kuma daga bakinsa ya kamata ki ji. Ki ba ni minti ɗaya.”

Na ciro wayata a gabansu na kira shi, na sa yadda kowa zai ji. Ta yi ƙara sau biyu ya ɗauka.

“Tafinta, har kin isa?”

“Na isa. Hajiya tana falonmu, kuma tana jin ka. Ka taho yanzu, ka taho da minti ashirin da biyun nan.”

Hajiya ta miƙo hannu ta karɓi wayar daga hannuna, ta kawo ta kusa da bakinta.

“Ina nan zaune,” ta ce. “Ba inda za ni sai na ga ’yata.”

Daga can ɓangaren muka ji an ture kujera, sai ƙarar makullai.